Kififiya, Ɗan Nutso da Mai Inji

Litinin, da hantsi

Yau na koma wurin aiki. Masu zuwa yi mana barka sun ɗauke ƙafa, kujerun da muka aro na mayar wa maƙwabta, gida ya koma daga ni sai mijina. Na ajiye masa shayi da burodi na ce na tafi. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da idonsa ga bango.

Su bakwai suka fita a jirgin kamun kifi, injin ya mutu musu a tsakiyar teku, su shida wani babban jirgin kaya ya tsinto. Mijina ne mai kula da injin, shi ya sa duk bakin ruwa Mai Inji ake ce masa. Wanda bai dawo ba Kuku ne, mai dafa musu abinci, abokinsa tun suna samari. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma a bakin wasu na ji.

Wurin aikinmu gidan jinyar dabbobin teku ne. Tankunan ruwa, firji mai ƙara, sai mu uku: Likita mai duba su, Dogo mai ɗauka da wanki, ni mai ciyarwa. Dogo Uwar Marayu yake ce mini.

Na tarar an yi baƙi biyu. Ta farko kififiyar teku ce, wato kunkurun ruwa, bayanta ya kai faɗin ƙaramin tebur. Zaren raga ya naɗe mata hannun gaba har ya ci nama. Ba ta iya nutsewa, tana nan a saman ruwa a karkace kamar kwalbar da aka toshe wa baki. Na biyu tsuntsu ne, fari ne a da, yanzu baƙin mai ya shafe shi tun daga wuya. Sunansa na littafi Likita kaɗai ke iya faɗa. Masunta ɗan nutso suke ce masa, don daga can sama yake naɗe fiffike ya faɗo ruwa kamar mashi.

Na ji daɗi da na tarar da aiki ya yi yawa. Da kunya nake rubuta wannan, amma na ji daɗi.

Talata, da yamma

Mun wanke ɗan nutso da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da buroshin haƙori. Dogo ya riƙe kai, ni ina bin gashin a hankali. Ya kuɓuce ya sare ni a bayan hannu, bakinsa kamar almakashi. Dogo ya ce kada in yi fushi, a garinsu haka ake gai da manya.

Likita tana ɗaure mini hannu tana bayani. Wai tsuntsu ba ya jira. Jikinsa kullum a kunne yake, in ya wuni bai ci ba ya fara cin naman kansa. In ya daɗe a ɗaki ƙafafunsa su yi gyambo, huhunsa ya kamu, ka zo da safe ka tarar da shi a sandare. Kififiya kuwa sai ta yi wata da watanni ba ta sa komai a baki ba, ta rage numfashi, ta zauna abinta.

"Wannan sai mun yi sauri," in ji ta. Ta nuna tanki da haɓa. "Waccan kuma sauri ne zai kashe ta."

Na dawo gida na tarar da shinkafar da na bar masa a rufe. Ya ɗebi loma biyu daga gefe guda, ya gyara wurin da cokali don kada in gane.

Laraba, da yamma

Bai ci ba. Kififiya ma ba ta ci ba. Tsuntsun ya haɗiye kifi huɗu yana neman ƙari.

Juma'a, da hantsi

Na zura tsintsiya ƙarƙashin gado na ji ta bugi wani abu. Kwalabe ne. Na lemo, na magani, har da robar man girki da na wanke na ajiye. Duk cike da ruwa, murafen a ɗaure tam. Na duba bayan kabad, nan ma haka. Famfonmu bai taɓa ɗaukewa ba tun da muka shigo gidan nan.

Ina tsugune a wurin Inna ta yi sallama. Mahaifiyarsa ce, tana zaune can bayan tashar mota, kullum da sanda amma ta fi ni sauri. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in mayar yadda na gan su.

"Ki ƙyale mini Babana ya huta," ta ce. "Mutumin da ya fito daga bakin mutuwa ba a tare shi da tambaya. Lokaci ne maganinsa."

Ta shiga ta zauna kusa da shi tana ba shi labarin wa ya haihu, wa ya tashi daga unguwa. Bai amsa ba, ita kuma ba ta nemi amsa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin haushin yadda abin ya zo mata da sauƙi.

Asabar, bayan la'asar

Matar Kuku ta zo. Ta taga na hango ta, na yi maza na tare ta a bakin ƙofar gida. Ta rame, mayafinta ya yi mata yawa. Muka gaisa a tsaye. Ta tambayi mai jiki, na ce da sauƙi, yana barci.

Ba barci yake ba. Yana zaune a bakin gado, kuma na san yana jin muryarta.

Ta ce ba komai, za ta dawo. Ta yi taku kaɗan ta juyo kamar za ta ƙara wata magana, sai ta ce hannuna fa? Na ce tsuntsu ne ya sare ni. Ta yi ɗan murmushi ta tafi.

Ko ruwa ban ba ta ba. A gidan da ruwa ke ƙarƙashin gado.

Litinin, da sassafe

Ni ke sayo wa ɗan nutso kifi a bakin ruwa kafin in wuce aiki, don ba ya son na firji. Da, kafin in kai teburin farko an kira ni ta ko'ina. Yanzu in na doso sai hira ta mutu. Mai kifin da na saba da ita ta ƙara mini biyu a kan na kullum, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Ina juyawa na ji wani a bayana yana ce wa ɗan'uwansa inji ba ya mutuwa haka kawai, ai da mai duba shi. Ban waiga ba. Na riƙe bokitina na wuce.

Talata, da rana

Na miƙa wa kififiya kaguwa da dogon ƙarfen ciyarwa, na kai mata har bakinta. Ta kau da kai a hankali, ta koma kusurwarta ta sa goshi a bangon tanki. Likita ta ce leda ta haɗiye a teku, iska ta taru mata a ciki, shi ya sa take yawo a sama. Na ce yaushe za ta fita? Ta ce ranar da ta fita.

Na zauna a bakin tankin har lokacin tashi ya wuce. Magana na yi ta yi mata, ba wata ta kirki ba. Wutar kicin da ta lalace. Ciwon bayana. Yadda mijina yake shigowa da, tun daga ƙofa yana kiran wa ya ɓoye masa mata, hannunsa duk baƙin mai, yana neman ya goga mini a zani. Ita dai tana ɗago kai jefi-jefi ta ja numfashi, wani dogon huci kamar na tsoho da ya hau bene.

Laraba, da yamma

Yau an yi musu a wurin aiki, har na yi dariya.

Dogo ne ya fara. Wai in aka ba shi zaɓi kififiya zai zama: ta hau tudu ta haƙa rami, ta zuba ƙwai fiye da ɗari, ta rufe, ta koma ruwa, ba ta ƙara sanin wanda ya fito da wanda kaguwa ta cinye. Ba kuɗin makaranta, ba rigimar suruki. Likita ta ce lalaci ne ke damunsa. Ita ɗan nutso ta zaɓa: ƙwai ɗaya, uwa da uba suna karɓa-karɓa a kansa, kuma duk shekara su biyun nan su dawo gurbi guda su gane juna a cikin dubban tsuntsaye. Dogo ya ce shi ya sa yake da baƙar zuciya, mace ɗaya har abada. Likita ta jefe shi da safar hannu.

Suka ce ni fa? Na ce ni mai ba su abinci ce, ba a tambayar mai abinci wanda ta fi so.

Daga nan na tambayi Likita abin da ya dame ni tun zuwan kififiya: kullum idonta da hawaye masu kauri, ko ciwo ne? Ta ce ba ciwo ba ne, gishiri ne. Ita da ɗan nutso duk ruwan teku suke sha. Ita ta fitar da gishirin ta ido, shi ya fitar ta baki, shi ya sa nake ganin yana kaɗa kai. A nan kaɗai suka yi kama, in ji ta. Dogo ya ce mutum fa? Ta ce mutum ba shi da wannan. In ya sha, ƙishi ya ƙaru, daga nan hankali ya tafi.

Tana faɗa ta tuna da wa take magana. Dogo ya ɗauki bokiti ya fita ba tare da an aike shi ba.

Alhamis, da safe

Kwalaben sun kai kicin. Har a tukunyata babba.

Asabar, bayan azahar

Ban san ta inda zan fara ba.

Na dawo da wuri, kaina na ciwo. Na buɗe kabad zan ɗauko zani, wata kwalba ta faɗo mini a ƙafa. Ba ta fashe ba. Amma wani abu ya taso mini. Na shiga kwaso su, na gado, na kabad, na kicin, ina kaiwa tsakar gida ina buɗewa ina tuttulawa. Ina yi ina magana, da ƙarfi. Na ce ga famfo nan. Na ce nan gida ne. Na ce ni ma mutum ce, ni ma na yi jira a bakin ruwa har idona ya ƙafe, ba wanda ya tambaye ni yadda na yi.

Ya fito. Tun dawowarsa ban ga ya yi sauri ba sai yau. Bai taɓa ni ba, bai ma dube ni ba. Ya durƙusa a kan siminti, ya tuɓe rigarsa, yana dangwalar ruwan da ita yana matsewa a kwano. Yana dangwala yana matsewa. Ruwan yana gudu zuwa rariya yana tarewa da gwiwa. Leɓɓansa na motsi, kamar mai raba wa mutane wani abu yana kiran sunayensu.

Na tsaya da kwalba a hannu. Na ga ƙasusuwan bayansa. Ban san ya rame haka ba, don ba ya cire riga a gabana.

Na durƙusa na ce ya yafe mini. Na kai hannu kafaɗarsa, ya janye kamar na ɗora masa garwashi.

Lahadi, da hantsi

Na fita sayen burodi na dawo ba ya nan. Takalmansa ba sa nan. Na bi hanyar bakin ruwa da gudu, mayafina a hannu, ina duba kowane dutse. Can wayata ta yi ƙara. Inna ce. Yana wurinta.

Na je. Ta tare ni a tsakar gidanta, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "'Yar nan, na san kin gaji. Ki bar shi nan ya kwana biyu." Na ce zan gan shi. Ta ce ya kwanta.

Abin da na faɗa wa matar Kuku ke nan, a tsaye, a bakin ƙofa. Na gane muryar.

Litinin, da yamma

Na dafa abinci na mutum biyu. Sai da na zuba na tuna.

Laraba, da yamma

Na cika kwalaben duka na mayar inda suke. Ban san don me ba.

Juma'a, da rana

An saki ɗan nutso. Likita ta gwada shi a tanki tun shekaranjiya, ruwa na gangarewa daga gashinsa kamar daga leda, ta ce kada a ƙara ko kwana. Ƙafarsa ɗaya ta fara ja. Na ce a bari ya ƙara ƙiba. Ta ce in na riƙe shi don in ga ya yi ƙiba, gawarsa zan riƙe.

Muka kai shi can ƙarshen duwatsu a cikin kwali. Na buɗe. Ya fito ya tsaya yana kallonmu da idon nan nasa mai zagayen shuɗi, ya kai wa takalmin Dogo sara na ban kwana, ya faɗa ruwa. Ya daɗe yana wanka yana gyara gashi. Sannan ya yi ta gudu a kan ruwa yana kaɗa fiffike har ya ɗaga. Bai zagayo ba. Na bi shi da ido har ya haɗe da farin sama.

Dogo ya yi tafi. Ni na koma na wanke ɗakinsa, na kwashe tsummokaran da muke shimfiɗa masa. Shi ne kaɗai a kwanakin nan da in na shigo yake ihu don ya gan ni, ko da don kifi ne.

Gobe ba ni da dalilin zuwa bakin ruwa. Na ɗauka zan ji sauƙi.

Asabar, bayan tashi daga aiki

Na gaya wa Likita komai, har da rigar da kwanon. Ta saurara ba ta katse ni ba. Na ce mata Inna ta ce lokaci ne magani, ni kuma na yi gaggawa na ɓata. Na ce ita da ta san wanda ake jira da wanda ba a jira, ta gaya mini.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce ita dabbobi ta karanta, kuma ko su sai ta duba jini ta auna nauyi kafin ta ce wani abu. Amma a babban asibiti akwai wani sashe, a bayan ɗakin magani, inda ake zama da mutanen da suka ga abin da ya fi ƙarfinsu. Ranar Alhamis suke ganin sababbi. Ta ce ƙanenta ya je bayan hatsarin mota, kuma yau yana tuƙi.

Na biya ta wurin Inna na faɗa mata. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Ɗana ba mahaukaci ba ne."

Na ce ban ce ba. Ta ce mutanen da ke cewa ya kashe inji, so nake su ƙara da cewa ya zare? Na ajiye kayan da na wanke masa na fito. Labulen ɗakin da yake ciki ya motsa, ko iska ce.

Litinin, da yamma

Kififiya ta fitar da leda. Wata shuɗiya, da guntun zare. Likita ta ɗaga ta da almakashi kamar an ba ta kyauta. Har yanzu ba ta ci ba, har yanzu tana sama, amma karkacewar ta ragu.

Na so in ba wani labari da na dawo. Na ba kujera.

Talata, bayan la'asar

Matar Kuku ta dawo. Wannan karon na buɗe ƙofa sosai na ce ta shigo. Na ce mata ba ya nan, kuma rannan ma ba barci yake ba. Ta ce ta sani.

Na dafa shayi, muka zauna a kicin. Ta riƙe kofin da hannu biyu ba ta sha ba. Ta ce ta bi sauran biyar ɗin gida-gida. Ɗaya ya ce zazzaɓi ne. Ɗaya ya ce igiyar ruwa ce ta ɗauke shi. Ɗaya ya bar gari. Biyu matansu sun ce suna barci. Masu jirgin kuma sun ce ana bincike.

"Yaya, ni ba shari'a nake nema ba," ta ce. "Maganar inji da ake yi, wallahi ko a jikina. Yarana ne ke tambayata. Babbar ta ce Baba ya ji zafi? Ƙaramin ya ce ya ambace mu? Ba ni da kabarin da zan nuna musu, ba ni da maganar da zan faɗa musu. Naki mijin ne abokinsa. In akwai wanda ya riƙe masa hannu, shi ne."

Na ce ko ni bai gaya wa komai ba. Ta ce ta yiwu ni ce ba zai iya gaya wa ba, tunda da ni zai ci gaba da zama.

Muka zauna har shayin ya huce. Tun da abin nan ya faru ban zauna da wani na ji ba sai na yi bayani ba sai yau. Da za ta tafi na raka ta har bakin titi.

Laraba, da hantsi

Kafin in wuce aiki na je gidan Inna. Ta tafi kasuwa. Na tsaya a bakin labule, ban shiga ba. Na faɗa masa abin da matar Kuku ta ce, kalma da kalma, har tambayoyin yaran. Na faɗa masa maganar asibiti. Na ce ba zan ja shi ba, ba kuma zan ƙara zubar masa da komai ba. Na ce kwalabensa suna nan a cike.

Ina jin numfashinsa. Na jira. Da na ga zan makara na ce na tafi.

Alhamis

Shiru.

Asabar, da yamma

Ina wanke ƙarfen ciyarwa Dogo ya leƙo ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Uwar Marayu, kin yi baƙo."

Mijina ne, yana tsaye a bakin ƙofa da rigar da na kai masa, ta yi masa yawa. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba sai sau ɗaya, shekarun baya. Likita ta gaishe shi kamar jiya suka rabu, ta ja Dogo suka shiga ofis.

Ya tako har bakin tanki. Kififiya ta ɗago ta yi hucin nan nata. Ya daɗe yana kallonta.

"Me ya same ta?" ya ce.

Tambayar farko ke nan da ya yi mini tun da ya dawo. Na shiga ba shi labarin zare da leda da iska, ina ta zuba kamar mai tsoron in na tsaya zai tafi. Ya ce kuka take yi? Na ce a'a, gishiri ne, ruwan teku take sha ta fitar ta ido.

Ya sa yatsa a ruwan tankin, ya cire, ya goge a wando.

"Kuku ma ya sha," ya ce. "Na hana shi. Na ba shi nawa ruwan. Da na yi gyangyaɗi ya sha."

Na riƙe bakin tanki.

Ya ce in raka shi gidan matar Kuku.

Muka tafi a ƙafa, shi a gaba ni a baya kaɗan. A hanya wasu suka gan mu suka daina magana, bai lura ba ko bai damu ba. Matar Kuku ta tura yaran maƙwabta. Suka zauna a falo, ƙofa a buɗe, ni na zauna a kan benci a tsakar gida kusa da igiyar shanya. Ba wanda ya ce in tsaya a waje. Ni na ga ya kamata.

Ina jin muryarsa, ba na jin kalmomin. Ta yi ta tafiya, ta tsaya, ta ci gaba. Rabon da in ji ya yi magana mai tsawo haka har na manta. Sau ɗaya matar Kuku ta yi wani sauti, gajere, kamar an taka ta. Sau ɗaya kuma, abin mamaki, ta yi 'yar dariya cikin kuka. Na zauna ina kallon rigunan makarantar yaran suna ɗiga.

Zan faɗi gaskiya a nan tunda ba mai gani. Na ji kishi. Matar da ta rasa miji, ni da nawa ya dawo, na zauna ina kishin abin da ake gaya mata.

Da suka fito idonta ya kumbura, amma ta tsaya a miƙe. Ta riƙe hannuna ta ce ta gode. Ta raka mu har ƙofa.

A mararraba na rage tafiya, don hanyar gidan Inna dama ce, tamu hagu. Ya bi hagu.

Lahadi, da safe

Yana gida. Bai ƙara cewa komai a kan jirgin ba, ban tambaya ba. Inna ta aiko da kayansa, ba saƙo.

Talata, da yamma

Na yi zaton bayan rannan komai zai warware. Jiya ya wuni a bakin gado kamar da. Da na kunna famfo ya fita tsakar gida har na kashe. Amma da zan fita aiki yau ya ce, yana kallon ƙasa, wurin nan na bayan ɗakin magani, sai an je da wuri ne?

Na ce ban sani ba, zan tambaya.

Alhamis, da hantsi

A kan benci nake rubuta wannan, a asibiti. Doguwar baranda ce mai koren fenti, da fanka ɗaya da ba ta aiki. Kusa da ni wani dattijo ne da ya rako 'yarsa, can kuma wata mata da ke ta naɗe bakin mayafinta tana warwarewa. Ba mai kallon wani.

Inna ta zo. Ban gaya mata ba, ban san wa ya gaya mata ba. Ta zauna a can ƙarshen benci da sandarta, ba ta gaishe ni ba, amma da ta gaji da riƙe jakarta ni ta miƙo wa.

Mun daɗe muna jira. Sau biyu ya miƙe kamar zai tafi, ya koma ya zauna. Da ma'aikaciyar ta leƙo ta kira shi, ya tashi a hankali, ya kai bakin ƙofa, ya sa hannu a mariƙi. Sai ya juyo. Ba Inna ya duba ba.

"Kina nan?" ya ce.

Na ce ina nan.